ZARE: Masu cewa kwafar zanen magabata satar fasaha ce, ku matso kusa 🧵

1/ Akwai maganar da ta zama ruwan dare a dandalin nan, yau kam sai na amayar da abin da ke cikina. Da zarar ɗalibin zane ya ɗora aikin da ya kwafa daga wani tsohon gwani, sai a yi masa caa: "Wannan ai kwafi ne." "Ina basirar take?" "Satar fasaha!" Masu wannan magana, ku gyara zama.

2/ Ni ɗalibin zane ne a jami'a, fentin mai nake koyo, zanen fuskar mutane na sa a gaba. Matsayata a fili take: duk mai son ya iya zana fuska da fentin mai, ya zauna ya kwafi aikin wani gwani tun daga farko har ƙarshe. Wanda ya hana shi kuwa ya cuce shi.

3/ Dalilin da ya sa nake ɗaukar abin da zafi: 'yan ajinmu biyu sun goge aikinsu daga shafinsu saboda dariyar mutane. Ɗaya ta ajiye buroshi gaba ɗaya. Wanda ya rubuta mata "kwafi ne 😂" ya manta da zancen kafin la'asar. Ita har yau tana jin kunyar fito da fentinta.

4/ Mu fara daga gida. Yaro a makarantar allo, wa ya taɓa ce masa ya ƙirƙiro salon rubutunsa a ranar farko? Malam ke rubuta masa, ya bi sawu, ya wanke, ya sake. Shekaru yake yi yana kwaikwayon hannun malam kafin nasa hannun ya zauna. Kun taɓa jin an kira shi ɓarawon rubutu?

5/ Mai ɗinkin babbar riga fa? Aska biyu da aska takwas ba shi ya ƙago su ba, tarar da su ya yi, ya yi ta maimaitawa har allurarsa ta miƙe. Makaɗa da yawa a amshi suka fara. Yaron tela ma sai ya farke tsohuwar riga ya ga yadda aka yanka ta.

6/ Kowace sana'a mun yarda da koyo akan iya. Mai fenti kaɗai muke so ya faɗo daga sama da gwanintarsa. Haba jama'a. To bari mu leƙa wajen mutanen da kuke kira "masu basira ta asali" mu ga yadda su suka koya.

7/ Tun wajen shekarar 1400 wani mai zane ɗan Italiya, Cennino Cennini, ya rubuta littafin koyar da sana'ar. Shawararsa ga mai koyo ita ce ya nemi gwanin da ya fi kowa, ya dage da kwafar aikinsa, ya daina tsalle daga wannan zuwa wancan. Shekara sama da 600 ke nan da faɗar haka.

8/ A 1628 Rubens ya je Madrid aikin jakadanci. Lokacin ya haura shekara 50, sunansa ya gama Turai, sarakuna ke layin aikinsa. Me ya yi da lokacinsa? Ya zauna yana kwafar zane-zanen Titian da ke fadar sarki. Wasu kwafin nasa suna gidan tarihin Prado har yau, gida ɗaya da na asalin.

9/ Gidan tarihin Louvre da ke Paris, tun da aka buɗe shi ga jama'a a 1793 aka ware wa masu kwafa ranakunsu. Har yanzu ana ba da izini mutum ya kafa katakonsa gaban zane ya kwafa. Sharuɗɗan: girman naka ya bambanta da na asali, kuma kada ka kwafi sa hannun mai aikin.

10/ Degas ya yi rajistar mai kwafa a Louvre a 1853, yana ɗan shekara 18. Manet ya yi tattaki zuwa Madrid a 1865 don ya ga aikin Velazquez da idonsa. Sargent, wanda masu kuɗin Ingila da Amurka suka yi rububin ya zana su, ya zauna a Prado a 1879 yana kwafar Velazquez ɗin dai.

11/ Van Gogh da kuke sa zanensa a fuskar wayarku fa? Tsakanin 1889 da 1890, yana asibitin masu taɓin hankali a Saint-Remy, ya kwafi ayyukan Millet kusan 20. Bugun baƙi da fari ne a hannunsa, shi ya zuba musu launi daga kansa. Yau gidajen tarihi ke alfahari da waɗannan kwafin.

12/ Picasso kuma a 1957, yana da shekara 75, ya kulle kansa wata huɗu ya fito da jerin zane 58, mafi yawansu juya Las Meninas ne na Velazquez. Suna Barcelona. To ɗan'uwa mai sharhi, kai da ba ka taɓa wanke buroshi ba, kai ne ka gano abin da ya shige wa Picasso duhu?

13/ Matsalar ita ce kun haɗa abu uku kun ba su suna ɗaya. Akwai kwafin koyo, akwai jabu, akwai sata. Kwafin koyo: na zana, na rubuta ƙarara cewa aikin wane na kwafa. Jabu: na zana, na ce wane ne ya zana, na karɓi kuɗi. Sata: aikin wani ne, na ce nawa ne.

14/ In kuna son ganin jabu, ga Han van Meegeren ɗan ƙasar Holan. Ya zana sababbin hotuna ya ce na Vermeer ne, har ɗaya ya faɗa hannun Goering, na hannun daman Hitler. An kama shi a 1945, kotu ta yanke masa shekara ɗaya a 1947. Laifinsa ƙarya ce da damfara. Me ya haɗa shi da ɗaliba mai koyo?

15/ Ta fuskar doka ma, dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 tana kare zane har shekara 70 bayan mutuwar mai shi. Velazquez ya mutu a 1660. Ku yi lissafi da kanku. Gidan tarihin Met na New York ma tun 2017 ya saki hotunan irin waɗannan ayyukan kyauta, kowa ya sauke.

16/ Satar gaske tana faruwa a gabanku kullum kuna shiru: a ɗauki aikin mai zane da yake raye, ko hoton da wani mai kyamara ya sha rana ya ɗauka, a zana, a sa hannu, a sayar, ko sunansa ba a ambata ba. Wannan kuna tafa masa. Wadda ta rubuta sunan Velazquez a fili ita kuka ga dama.

17/ Sai rukuni na biyu, waɗanda suka fi iya magana: "Bautar Turawa ce. Me ya sa ba za ku zana namu ba?" Wannan tambayar tana da nauyi, shi ya sa zan ba ta amsa a tsanake. Amma wallahi mafi yawan masu yin ta ba su san tarihin abin da suke karewa ba.

18/ Farko dai, fentin mai ba gadon gidan Bature ba ne. Zanen mai mafi tsufa da aka sani a kogunan Bamiyan na Afganistan yake, na wajen ƙarni na 7, binciken da aka bayyana a 2008 ya nuna haka. Jan van Eyck da ake yi wa kirari da fentin mai a ƙarni na 15 ya zo.

19/ Shuɗin da ya fi tsada a zanen Turai ma daga dutsen da ake haƙowa a Badakhshan, can Afganistan ɗin, ake niƙa shi. Sana'a yawo take yi. Keken ɗinki ba a Kantin Kwari aka ƙera shi ba, amma ba wanda ya ce telan Kano bawan Turawa ne don ya iya taka shi.

20/ Na biyu, ku san Aina Onabolu. An haife shi a Ijebu-Ode a 1882. Babu makarantar zane, babu malami. Da kwafar hotunan mujallu da littattafan Turawa ya koya wa kansa, a zamanin da 'yan mulkin mallaka ke ganin baƙar fata ba zai iya irin wannan zanen ba.

21/ A 1906 ya zana Misis Spencer Savage. A 1920 ya tafi karatu Landan da Paris, ya dawo a 1922 ya yi ta fafutuka har aka shigar da zane cikin darussan makarantun Legas. Shi ake kira uban zanen zamani a Najeriya. Da kwafi ya fara. Ku je ku kira shi bawa mu gani.

22/ Za ku ce ai 'yan tawayen Zariya sun yi watsi da wannan. Ku karanta da kyau. Ɗaliban da suka kafa ƙungiyarsu a 1958 a kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello, su Uche Okeke, Demas Nwoko, Bruce Onobrakpeya, Yusuf Grillo, sun ƙi yarda a mayar da su inuwar Turawa, gaskiya ne.

23/ Amma abin da suka yi kira a kai shi ne a haɗa dabarun da aka koya a aji da fasahar gida. Ba su ce a ƙona buroshi ba. Kuma shi Okeke da ya koma ga zanen uli na Ibo, yaya ya same shi? Nazarin tsofaffin zane ya yi, har da na mahaifiyarsa. Kwaikwayo ne dai, an canza malami.

24/ Ben Enwonwu ya yi karatu a makarantar Slade ta Landan, ya sha horon zanen Turai har wuya. Da wannan hannun ya zana Tutu, gimbiyar Ife, a 1974. A 2018 aka sayar da zanen a Landan kan fam miliyan 1.2. Horon bai cinye shi ba, kaifi ya ƙara masa.

25/ Kehinde Wiley, wanda mahaifinsa ɗan Najeriya ne, a 2005 ya ɗauki zanen Napoleon a kan doki na Jacques-Louis David, ya sauke Napoleon ya ɗora baƙin saurayi. Shi ya zana hoton Obama da aka ƙaddamar a 2018. Ba za ka iya juya abin da ba ka san cikinsa ba.

26/ Na uku, wa ya ce muku duk tsohon zane farar fuska ce? Aikin da nake kwafa yanzu shi ne Juan de Pareja na Velazquez, wanda aka zana a Roma a 1650. Ku nemo shi yanzu a wayarku kafin ku ci gaba. Ku kalli idon mutumin nan. Zan jira ku.

27/ Pareja mutum ne mai jinin Afirka, an haife shi a kudancin Sifaniya, kuma bawa ne a hannun Velazquez ɗin kansa, yana yi masa aiki a ɗakin zane. Ba zan yi wa wannan kwalliya ba: gwanin da nake koyo a wajensa ya mallaki ɗan Adam. A san wannan tare da sanin gwanintarsa.

28/ A Nuwamban 1650 Velazquez ya sa hannu a takardar 'yanta shi, da sharaɗin ƙarin shekara huɗu na hidima. Pareja ya fita ya zama mai zane mai cin gashin kansa a Madrid. A babban zanensa na 1661 da ke Prado, ya zana kansa a gefen hagu riƙe da takarda mai ɗauke da sunansa.

29/ A 1970 aka yi gwanjon hoton Pareja a Landan kan fam miliyan 2.31, zane na farko da ya haura fam miliyan ɗaya a gwanjo. Yana Met yanzu. Bawan da ko kansa bai mallaka ba ranar da aka zana shi, yau mutane ke tsayawa gabansa yana kallonsu sama da ƙasa.

30/ In Pareja bai yi muku ba, ga Ayuba Suleiman Diallo, Bafulatani Musulmi daga Bundu a Senegal ta yau. An sayar da shi bawa zuwa Maryland, ya kuɓuta, William Hoare ya zana shi a Ingila a 1733 cikin farar riga da rawani, da Alƙur'ani rataye a wuyansa. Shi ma Bature ne?

31/ Yanzu ga abin da ya fi muhimmanci: me kwafin ke koyarwa wanda kallo ba ya koyarwa? Kallo na minti biyu ne. Kwafi na makonni ne. Sai ka zo za ka haɗa launi da hannunka za ka gane cewa abin da idonka ya rantse ya gani ba shi ne a jikin zanen ba.

32/ Misali, kowa zai ce fuskar Pareja ruwan ƙasa ce. Zuƙo hoton ka gani. Goshi da karan hanci akwai haske mai ɗumi, kumatu da leɓe akwai ja a ɓoye, wajen gemu launin ya yi sanyi ya karkata zuwa toka. Fatarmu ba kwalin fenti ɗaya ba ce da za ka ƙara wa baƙi ka ce inuwa.

33/ Farin kwalar wuyansa kuma, daga nesa sai ka rantse an zana kowane zaren leshi. Matso kusa: ɗigo-ɗigo ne da jan buroshi kaɗan, wasu wuraren ma an bar su haka. Gwani ya san inda zai tsaya ya bar idon mai kallo ya ƙarasa. Wannan darasin ba a samunsa a bakin malami, sai a hannu.

34/ Sai gefuna. Mai koyo yana zagaye fuska da layi kamar taswira. Velazquez yana barin gashi ya narke cikin bango, inuwar kafaɗa ta ɓace, sai wuri ɗaya ko biyu ya kaifafa. Shi ya sa mutumin yake kamar yana numfashi, naka kuma yake kamar an yanko shi da almakashi an manna.

35/ Ga kuma yagewar da ke gwiwar hannun rigarsa. Bai ɓoye ta ba, bai kuma yi shelarta ba. In kana kwafa dole ka tsaya ka tambayi kanka: me ya sa ya bar ta? A nan kake fara koyon cewa zanen fuska shawara ce bayan shawara, me za a nuna, me za a bari.

36/ Ku kwatanta da abin da ya fi samun tafi a dandalin nan: a ɗauki hoton waya mai filta, a raba shi gida-gida kamar dara, ko a haska shi da majigi a bi layi, a kwashe sati ana zana ramukan fata ɗaya bayan ɗaya. Sai ku ce "Kai! Kamar hoto!" To wannan ba kwafi ba ne?

37/ Kwafi ne mana. Bambancin kawai, shi kyamara yake kwafa, mu mutum muke kwafa. Ban raina haƙurinsu ba, aiki ne mai cin ido da baya. Amma kyamarar waya ba ta da abin da za ta koya maka game da zaɓi. Ta baje haske, ta goge inuwa, filta ta ƙara fari, kai kuma ka bi ta.

38/ Daga nan ake samun cutar da ta fi ci min rai: a kawo hoton baƙar yarinya kyakkyawa a ce "a ɗan ƙara mata haske", mai zane ya mayar da ita wata daban. Wani don kuɗi yake yi, wani kuwa don bai iya haɗa launin baƙar fata ba ne. Wata ɗaya gaban Pareja zai yi maganin na biyun.

39/ Masu cewa "ƙirƙirarriyar basira za ta yi maka wannan cikin daƙiƙa goma", na ji ku. Mota ma ta fi ɗan tsere gudu, ba a daina tsere ba. Ni ba hoton Pareja nake nema ba, yana nan kyauta a intanet. Ido nake nema da hannu, su kuwa ba a sauke su da data.

40/ Na san wasu za su kawo maganar hukuncin zana mai rai. Wannan fagen malamai ne, kowa ya tambayi malamin da ya amince da shi, ba a zaren ɗalibin zane za a yanke ta ba. Wanda ya zaɓi ya kauce, hanyar koyon ɗaya ce: ya kwafi lemukan Zurbaran na 1633 ko tukwanen Chardin.

41/ Kada kuma 'yan'uwana masu kwafa su ɗauka na wanke su tas. Akwai wanda ya shekara biyar bai zana komai ba sai Mona Lisa, yana sayar wa masu otal. Wannan ya mayar da makaranta gidan zama. A ƙauyen Dafen na ƙasar Sin akwai dubban masu irin wannan aikin, sana'a ce, amma ba ita nake karewa ba.

42/ Wanda nake karewa shi ne mai kwafa da tambaya a ransa, ya gama, ya rubuta sunan mai aikin, ya juya ya zana nasa. To ga mai son farawa, ga yadda nake ganin ya kamata a bi. Ku adana wannan ɓangaren, zai yi muku amfani.

43/ Zaɓi aiki ɗaya, fuska ɗaya, bango marar hayaniya. Sauke hoton mafi girma daga shafin gidan tarihin da ke da shi, ban da wanda ya sha yawo a WhatsApp har launinsa ya koɗe. Ka yi naka da girma daban da na asali, kamar yadda Louvre ke sharɗantawa.

44/ Kada ka shafa fentin mai a kan ɗanyen kyalle, man zai ci zaren a hankali har ya ruɓe. A yi masa shimfiɗar farar ƙasa-ƙasa tukuna ta bushe. Sannan ka kashe farin da siririn ruwan ƙasa ko toka. A kan fari fat, kowane launi ƙarya yake yi maka, komai sai ya yi kamar ya yi duhu.

45/ Zana da buroshi da fenti mai ruwa-ruwa, ban da bin layi ta majigi. Miƙe hannu ka auna da ƙotar buroshi: tsawon hanci sau nawa ne a fuska, ina kunne yake in an ja layi daga ido. In ka bar na'ura ta auna maka, ka biya kuɗin makaranta ka tura wani ya zauna maka a aji.

46/ Haske da duhu kafin launi. Runtse ido har fuskar ta koma kashi uku: haske, tsaka-tsaki, duhu. Shimfiɗa su da launi ɗaya. In a wannan matakin bai yi kama da mutumin ba, launi dubu ba zai cece shi ba. Ido da gashin ido su ne na ƙarshe, duk da su hannu ke ƙaiƙayin farawa.

47/ Fenti ya yi tsada, na sani, duk daga waje ake kawo shi. Labari mai daɗi: launi huɗu sun isa fuska. Fari, rawayar ƙasa, ja, baƙi. Ana danganta wannan haɗin da Anders Zorn ɗan Suwidin. Baƙi da fari su ba ka toka mai kama da shuɗi, baƙi da rawaya su ba ka kore. Gwada ka sha mamaki.

48/ Dokar da ba a karyawa: shafin ƙasa mai ƙarancin mai, na sama mai yawan mai. Fentin mai ba bushewar ruwa yake yi ba, iska yake sha ya daskare a hankali. In na sama ya riga na ƙasa daskarewa, zanen zai tsattsage kamar ƙasan tafki da rani. Haƙuri na cikin kayan aiki.

49/ Abubuwan da bidiyon Turawa ba za su faɗa maka ba: da hunturu ƙura za ta manne a ɗanyen fenti, don haka ka jingina zanen yana fuskantar bango. Buɗe taga in kana aiki da tarfentin, musamman a ɗakin kwanan ɗalibai. Kada ka sa buroshi a baki, wasu launukan guba ne.

50/ Tsumman da ya jiƙe da man linsid kada a dunƙule shi a jefa kwando, yana iya ɗaukar zafi ya kama wuta da kansa. A shanya shi a baje ko a tsoma a ruwa. Man ƙyalli na ƙarshe kuma sai zanen ya yi aƙalla wata shida. Mai gaggawa ya koma fentin ruwa.

51/ Kowane minti goma ka ja da baya taku huɗu ko biyar ka kalla. An ruwaito cewa Velazquez da dogayen buroshi yake aiki don ya ga zanen daga nesa. Hanci a manne da kyalle shi ke sa a zana ido mai kyau a wurin da ba nasa ba.

52/ Da ka gama, juya bayan zanen ka rubuta: kwafin aikin wane, shekara kaza, na hannun wane. In za ka ɗora a nan, ka ɗora da na asalin gefe da gefe, ka faɗi abin da ka koya. Wanda ya yi haka ba shi da abin jin kunya ko ƙwayar zarra.

53/ Sai mataki na ƙarshe, wanda saboda shi aka yi duk wahalar: ajiye Velazquez. Zaunar da kakarka kusa da taga, ko abokin ɗakinka, ko mai shayin bakin makaranta in ya yarda. Haske ɗaya, launi huɗu, mutum mai rai a gabanka. A nan za a ga ko kwafin ya shiga jini.

54/ Domin abin da ke gabanmu ya fi rigimar sharhi girma. Dattawan unguwanninmu, masu rini, ungozomomi, maƙera, mata masu dakau, suna tafiya ɗaya bayan ɗaya, abin da ya rage hoton katin zaɓe ne. Ana buƙatar hannun da zai zana su da mutunci irin na Pareja. Hannun nan kuwa horo yake so.

55/ Don haka kafin ka rubuta "kwafi ne" a ƙarƙashin aikin wani, tambaye shi: wa ka kwafa, me ka gano? In ya amsa, ka ƙaru. In ya yi ƙarya ya ce nasa ne, ni zan riga ka tona shi. In ba ka da tambaya ba ka da gyara, wuce abinka, ba dole sai ka yi magana ba.

56/ Ku kuma masu koyo, maza da mata, ku fito da kwafinku. Ku ajiye su a ƙarƙashin zaren nan da sunan mai aikin asali, ko rabi kuka kai, ko hancin ya karkace. Zan duba ɗaya bayan ɗaya in faɗi abin da na gani, ku ma ku faɗi naku. Mai ganin na yi kuskure a hujja, ya kawo tasa da shekara da suna. Kowa ya iya allonsa ya wanke. ✍🏾